Na sake sayen Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja, na karanta wa yarana

A dogon hutun da ya wuce na sayi littattafai huɗu na Abubakar Imam: Magana Jari Ce na ɗaya zuwa na uku, da Ruwan Bagaja. Da sunan yara na saya, amma uwargida ta ce in ji tsoron Allah in faɗi gaskiya, kaina na saya wa. Ba ta yi ƙarya ba. Ni malamin lissafi ne a sakandare, Hausa kuwa tun da na bar aji biyar ban sake zama an koya mini ita ba, don haka mai neman nazari irin na jami'a ba a nan zai samu ba. Abin da zan faɗa shi ne abin da mai shirin zaro kuɗi daga aljihu yake so ya ji: wane bugu ne na kirki, yaro ɗan shekara nawa zai ji daɗin wanne, kuma ko littafin da ya girmi mahaifina zai iya zaunar da yaran da suka buɗe ido suka ga waya.

Sayen farko asara na yi. A bakin tasha na ga wani ya shimfiɗa leda ya baza littattafai, na hango akun nan na Magana Jari Ce a bangon littafi, zuciyata ta tsinke kamar na ga tsohon aboki. Ya faɗi kuɗi, na ji araha, ban ko taya ba. Sai da na zo gida na gane abin da na kwaso. Tawadar ta kwanta fari-fari, ƙugiyoyin haruffa sun shafe, har ɗana Abba ya karanta ƙafa a matsayin kafa, ya tsaya yana kallona. Zane-zanen ciki sun koma baƙin tabo, ba ka bambance Sarki da dokinsa. Mafi ciwo, a littafi na ɗaya shafi 16 cur babu su, labari yana tsakiyar daɗi sai ka tsinci kanka a jelar wani labarin daban. Kwana uku gam ɗin ya saki, takardu suka fara zubowa. Na koma tasha, ko ledar ban gani ba. Araha ba ta ado, na sani tun ina yaro, amma sai da na biya kuɗin tuni.

Na biyun a wani shagon littattafai na Sabon Garin Zariya na saya, bugun kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company), wanda shi ne ke fitar da littattafan Imam shekara da shekaru. Da na ba mai shagon labarin abin da ya same ni, dariya ya yi ya miƙo mini kujera ya ce, "Malam, zauna ka ƙirga shafukan da kanka, ba na sauri." Na kuwa zauna na ƙirga. Wannan ita ce shawarata ta farko ga duk mai saye: ka bi lambobin shafi tun daga farko har ƙarshe, ka duba ko ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta fito sarai, ka dubi zane ɗaya ka ga ko fuska ta fito fuska. Na gaskiyar takardarsa ba ta alfarma ba ce, amma rubutun ya fito raɗau, ana karantawa da fitilar caji ba tare da an matse ido ba. Kuɗin guda huɗun bai kai abin da gidanmu ke ƙonawa a data cikin wata ɗaya ba.

Yarana uku. Ummi shekararta 13, tana karatu sosai amma da Turanci kawai. Abba yana da 10, shi da littafi sai dai in an tsare shi. Auta 6, ba ta fara haɗa baƙi da kyau ba. Da na miƙa musu littattafan, kowa ya juya ya ajiye. Sati guda suna kan tebur ana ɗora musu kofin shayi. Sai wani dare da aka ɗauke wuta bayan sallar isha, zafi ya koro mu tsakar gida, na ɗauko na ɗaya na fara karantawa da ƙarfi, ban gayyaci kowa ba. Haka mahaifina ya yi mana a zaure, ni ma ban san wata hanya ba. Kafin in gama shafi uku Auta ta hau cinyata, Abba ya matso da tabarmarsa yana yi kamar iska yake nema.

A nan na gane abin da na manta shekara talatin: littafin nan don kunne aka yi shi. In ka ba yaro ya karanta a zuci, zai ga dogayen jimloli da kalmomin da bai sani ba, ya gaji. In ka karanta masa a fili, jimlar da kanta take nuna maka inda za ka ja numfashi, inda za ka sassauta murya, inda za ka yi tsawa irin ta Sarki. Ban taɓa yin tuntuɓe a bakina ba, ko sau ɗaya. Ni da nake karanta sanarwar makaranta da aka fassaro daga Turanci ina cije harshe, na san bambancin.

Ga wanda ya manta yadda na ɗaya ya faro: Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji yana da ɗa Musa da jika Mahmudu, sun tashi tare kamar tagwaye. Yana da Waziri mai baƙar aniya, idonsa a kan gadon sarauta. Aka sayi wani aku a hannun wani Balarabe, aku mai magana da hangen nesa. Yaƙi ya tashi da Sarkin Sinari, Sarki ya fita, aka bar Musa a gida. Waziri ya ƙulla yadda za a janyo Musa waje da dare. Kullum Musa ya yi shiri ya zo sallama da aku, sai aku ya ɗauko labari, kafin a kai ƙarshe gari ya waye, fita ta fasu sai gobe.

Abin da ya fi burge ni yanzu da na girma shi ne dabarar akun. Ba ƙarfi gare shi ba, tsuntsu ne a keji, wanda yake tsarewa kuma ɗan Sarki ne mai jin jini a jika. Da ya tsaya yana ba shi umarni da tuni an murɗe masa wuya. Sai ya bi ta inda ɗan Adam ba ya iya jurewa, wato son jin ƙarshen zance. Abba ya tsani Waziri ƙwarai, har yana tambaya ko a littafi na nawa za a kashe shi. Auta kuwa tambayarta ɗaya kullum: "Baba, shi Musa bai gane wayo ake masa ba?" Na ce mata ke ma ai tun ɗazu ake kiranki ki je ki kwanta, kin gane? Tsarin dare-dare ɗin ya yi mini amfani ni ma. Inda gari ya waye wa Musa, nan nake rufe littafi, babu mai gardama, don aku ma ya yi shiru.

Rigima ta tashi ne a kan labarin Kalala da Kalalatu. Ina cikin karantawa, mun zo inda Kalalatu ta cinye kajin nan biyu da aka soya don baƙo, Abba yana birgima a tabarma, sai Ummi ta ce, "Baba, tsaya. Na san wannan labarin." Na ce ai kowa ya san shi. Ta ce a'a, na Turawa ne, yana cikin littafin da ta aro a laburaren makarantarsu, kuma sunan matar Gretel. Ta shiga ɗaki da fitila ta ɗauko. Tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu na Jamus ne, Jacob da Wilhelm Grimm, a fassarar Turanci. Ta buɗe ta nuna mini. Kaji biyu, baƙo, wuƙar da ake wasawa, guje-guje, duk ga su nan. Sai ta dube ni ta ce, "Ashe kwafa ya yi. Baba, kai da kake kama masu satar amsa."

Na san da maganar tun da daɗewa, amma ban taɓa ajiye biyun gefe da gefe ba sai daren nan. A na Jamus, Gretel kuku ce a gidan wani mutum, mai takalmi mai jan dunduniya, tana sauka ɗakin ƙasa tana kurɓar giya, giyar ce take buɗe mata ciki har ta cinye kajin. Da baƙo ya iso ta tare shi a bakin ƙofa ta ce maigida wuƙa yake wasawa zai yanke masa kunnuwa, ta koma ta ce wa maigida baƙo ya sure kaji ya gudu. Maigida ya bi shi da wuƙa yana kiran a bar masa ko ɗaya. Ƙashin labarin ke nan, kuma Imam bai canja shi ba. Amma ya mai da kuku matar aure, ya mai da ubangida miji, giya ta fita, aka bar kwaɗayi tsirara. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. 'Yar aiki ta cuci ubangidanta, abin dariya ne na minti ɗaya. Matar gida ta cinye abincin baƙo, ta bar mijinta da kunyar da Bahaushe ya fi tsoro, ta kuma fita fes, wannan kowane gida an san zafinsa, shi ya sa dariyar take kai wa ciki. Ga sunayen kuma, Kalala da Kalalatu, tun kafin su yi komai ka san tukunya da murfinta ne.

Haka Sahoro da Sahorama, wanda Ummi ta sake kamawa bayan ta shiga farauta. Malalacin da kiwon akuya ɗaya ya dame shi, ya auri malalaciya don ta haɗa da tata ta kora, suka ga ko hakan wahala ne, suka musanya awaki da zuma, suna kwance suna lissafin dukiyar da ba ta zo ba har sanda ta fasa abin zumar. A littafin Grimm sunansu Heinz da Trina, sunaye ne kawai. A nan kuwa sunan ma zagi ne. Yau in uwargida ta ce wa Abba "tashi, Sahoro", ba ta bukatar ƙarin bayani.

Na rasa yadda zan gamsar da Ummi da baki, sai na yi gwaji. Ranar Juma'a muka je gaida Hajiya, mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, na sa Ummi ta karanta mata Kalala da Kalalatu da kanta. Hajiya ta yi dariya har tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce wallahi an yi mace irin wannan a garinsu, har ta fara ba da labarinta. Ummi ta ce, "Hajiya, daga Jamus fa aka ɗauko shi." Hajiya ta ce, "Ke tafi can, Jamusawa sun san Kalalatu ne?" A hanyar dawowa na ce wa Ummi, mai satar amsa yana kwafe abin da bai gane ba, har da kuskuren mai shi. Wanda ya kwance labari ya sake ɗinka shi daidai jikin mutanensa, har tsohuwa ta rantse ta san mai shi, wani aiki ya yi daban. Su kansu 'yan'uwan Grimm ba su ƙagi labaran ba, tattarawa suka yi daga bakin mutane da tsofaffin littattafai, suka fitar da kundin farko a 1812, suka yi ta gyara shi bugu bayan bugu. Ta yi shiru, wanda a wurin Ummi ba yarda ba ce, ajiye magana ce sai wani jiƙon.

Yadda abin ya samo asali ba ɓoyayye ba ne. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga gasar aka samu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda yayan Imam ne, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam, haifaffen Kagara a 1911, yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina a lokacin, shekararsa 22. East ya ga hannunsa, ya nemi a ba shi aronsa, ya zo Zariya a 1936, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya zauna wata shida yana aiki. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, labari wajen 80 a littafi uku. Daga baya, a 1939, shi ne editan farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya rasu a 1981. Ina yawan tuna wata shidan nan in na ga yadda nake jan rubuta jarabawar aji ɗaya har sati biyu.

Shi kansa akun baƙo ne. Akwai tsohon littafin Indiya da ake kira Shukasaptati, wato labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka juya suka kira Tutinama. A can, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa, ita kuma kullum dare tana shirin fita wurin wani namiji, aku yana tsare ta da labari har asuba. Dubi abin da Imam ya yi da wannan. Ya san littafin makaranta za shi, yara za su karanta a gaban malamai, iyaye za su ji. Ya cire matar da kwartonta, ya sa ɗan Sarki mai ɗokin yaƙi, ya ƙara Waziri maci amana. Dabarar tana nan yadda take, amma abin da ake tsoro ya tashi daga mutuncin gida ɗaya ya koma makomar ƙasa. A ganina nasa ya fi ƙarfi, don a nan in aku ya yi saken dare ɗaya, rai ne zai tafi. Wannan ɓangaren ban yi wa Ummi dogon bayaninsa ba.

Littafi na biyu gasa ce tsakanin akun namu, wanda yanzu ya zama Waziri, da Haziƙ, akun Sarkin Sirika. Wannan ya kawo labari, wancan ya mayar. Shi ne na fi so tun ina yaro, har yanzu kuma ban canja ba, don labaran sun fi tsawo da nama, ga zolayar da tsuntsayen biyu ke yi wa juna tsakanin labari da labari. Na uku Waziri Aku ne yake koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Yana da labarai masu kyau, amma igiyar da ta ɗaure su ba ta da tsauri kamar ta farko. Babu mugun Waziri a bayan ƙofa, babu gasa, darasi ne, kuma yara suna jin ƙamshin darasi daga nesa. Abba ya fara zamewa a nan. Wanda kuɗinsa bai kai na uku duka ba, ya ɗauki na ɗaya da na biyu, na ukun ya jira albashi.

Ba kowane labari ne na kowane yaro ba. Labarin Ƙamaruzzaman, wanda aka ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya, Ummi ta karɓi littafin ta ƙarasa shi ita kaɗai a ɗaki, karo na farko da na ga ta karanta Hausa ba a sa ta ba. Abba kuwa barci ya yi. Labarin Sarkin Busa, wanda asalinsa almarar garin Hamelin ce ta Jamus, mai busar da ya raba gari da abin da ya addabe su aka hana shi ladansa, kuskure na yi na karanta shi dab da kwanciya. Tun daga inda yara suka bi mai busa Auta ta ƙanƙame uwarta, ba ta bari na ƙarasa ba, kuma kwana biyu in mai rake ya busa usur a layi sai ta shigo gida da gudu. Mai ƙaramin yaro ya fara leƙa labarin shi kaɗai kafin ya buɗe baki.

Ruwan Bagaja na bari a ƙarshe, kuma daidai na yi. Siriri ne, babba zai gama shi a zama ɗaya, amma ba na 'yan shekara shida ba ne. Alhaji Imam ne yake ba Koje Sarkin Labari tarihinsa: yadda ya bar Kwantagora neman ruwan da aka ce shi ne maganin ciwon ɗan Sarki, don ya wanke Limamin garinsu daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Ruwan dai dalili ne kawai. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Gari bayan gari suna haɗuwa, wannan ya sa a ɗaure wancan, wancan ya sa a yi wa wannan duka, kowa ya sha da ƙyar, a rabu, a sake gamuwa a gaba cikin wata kama. Wanda ya zauna a makarantar zaure har ya kai ga Muƙama ta Hariri, littafin nan na Larabci, zai gane gidan da aka ɗauko wannan: Abu Zaid da Harisu, mai wayo da mai ba da labari, suna karo a birni bayan birni. Ƙarshen littafin kuma, inda ɗan'uwa ya raba shi da ruwan a hanya ya je ya karɓi yabo, Ummi ta nuna mini makamancinsa a littafinta na Grimm, labarin ruwan rai. Wannan karon ba ta ce kwafa ba, cewa ta yi "ga wani kuma".

Wurin da na fi so a duk littafin shi ne inda Alhaji, da ba shi da karatun kirki, ya zama malamin ƙauye, Zurƙe mai ilimin gaske ya zo zai tona shi. Aka tara jama'a. Alhaji ya yi wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya kawo sunayen haruffa ɗaya bayan ɗaya, Alhaji yana cewa a'a. Ƙarshe ya ce ai jinjirin wata ne, ya tambayi mutanen ƙauye ko ba haka yake ba. Kowa ya duba ya ga wata, aka kori mai ilimi. Na karanta wannan ina ɗan shekara goma sha biyu na yi dariyar Zurƙe. Yanzu da na shekara ashirin ina koyarwa, na kuma ga yadda ake cin gardama a rediyo da Facebook, dariyar ta canja ɗanɗano. Saurayi ɗan shekara 22 ne fa ya rubuta wannan.

Amma in faɗi abin da bai yi mini ba. Alhaji ba mutumin kirki ba ne, kuma littafin bai damu da hakan ba. Yana ƙarya, yana damfara, yana sa a wulaƙanta wanda bai ji ba bai gani ba, a wuce wurin da dariya. Abba ya so shi fiye da yadda nake so ya so shi. Haka a Magana Jari Ce, akwai barkwancin da aka gina kan ƙabila ko ƙauyanci, irin wanda a 1930 da wani abu ba wanda zai ɗaga gira, yau kuwa yarana suna aji ɗaya da yaran waɗanda ake zolaya. Mata kuma, in ka cire kaɗan, ko dai kyakkyawar da ake nema ce ko mai makirci, tsohuwa kuwa kusan kullum 'yar aiken sharri ce. Ummi ce ta fara lura, ta ce, "Baba, duk tsofaffin littafin nan munafukai ne? Hajiya fa?" Ban tsallake wuraren ba, don in na tsallake za su karanta da kansu wata rana su ga na ɓoye. Tsayawa nake yi mu yi magana, wani lokaci maganar ta fi labarin tsawo.

Sai batun kalmomi. Hausar ba ta da wuya, amma duniyar da take magana a kanta ta wuce. Sule da fam da taro da sisi, yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan naira ta shigo a 1973 ba su san su ba. Na zauna na yi musu lissafi, kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, wanda shi ne kaɗai lissafin da Abba ya taɓa nema da kansa. Lifidi, sulke, zagi, barde, shamaki, duk sai da na yi bayani, wasu ma sai da na tambayi Hajiya. Na ware ƙaramin littafin rubutu muna tara su, mun haura kalma sittin. In iyaye ba za su zauna tare da yaro ba, su san da wannan, don a nan yawancin yara ke ajiye littafin.

Waɗanda suka kai shekaruna za su tuna wasan Magana Jari Ce da aka riƙa nunawa a talabijin, wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki. Na nemo wa yara guntayensa a intanet, suka kalla, suka ce muryar akuna ta fi. Ban san ko don in ci gaba da karatun suka faɗa ba, amma na karɓa.

Saboda yawan hannu, na kai guda huɗun wurin mai gyaran takalmi na bakin layinmu ya ɗinke mini bayansu da zare, na naɗe su da takardar kalanda kamar yadda muke yi a firamare. Na ɗaya yanzu yana gidan maƙwabcinmu, yaransa sun ara sati uku ke nan, na fara tunanin yadda zan tambaya ba tare da an ji kunya ba. Na jabun ma bai tafi a banza ba, Auta ce ke yanka zanen tana mannawa a bango.

Ummi kuwa ta sayi sabon littafin rubutu, ta ce za ta gwada abin da Imam ya yi ta gani ko da wuya. Ta zaɓi labarin yarinyar nan da kishiyar uwa ta ba tuffa mai guba. Kishiyar uwa ba ta ba ta wahala ba, madubi ma haka, tuffa ta koma mangwaro tun a layin farko. Inda ta maƙale shi ne farin yarinyar, wanda aka kwatanta da dusar ƙanƙara. Ta gwada auduga ta goge, ta gwada nono ta goge. Jiya da dare ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da biro a baki ta ce, "Baba, dole ne ma sai ta zama fara?" Na ce ta je ta tambayi Hajiya ranar Juma'a.